Ɗan Yatsa na Shida

Ranar Alhamis ta wankin ƙafa, Fada, limamin coci, yana wankewa ni ina sharewa, sai mai gangar cocinmu ya cire takalmi. Yatsunsa shida ne, daidai sawun da na gani cikin toka ranar da aka ƙone rumbun accata. Tun farkon azumin Ista nake bin ƙafafun mutanen Kafanchan da kallo.

"Baba," ya raɗa, "za ka faɗa?"

Coci ya cika maƙil. In na buɗe baki, matasa za su ja shi waje.

Na durƙusa, na share biyar. Na shidan ɗan ƙarami ne, mai laushi kamar na jariri.

"Miƙo ɗayar," na ce.