Layin da Aka Goge

Sati uku ke nan Madam Zeinabu tana koya wa Sarjan Isaka aikin ordinater, wato kwamfuta, kuma ko sau ɗaya bai gaishe ta ba.

Daga wani bariki can arewa aka kawo shi biro, wato ofishin rabon hatsin agaji a Yamai, shekarar da fari ya koro mutanen karkara suka cika bayan gari. Ita ta riga ta yanke dalili: sojoji na son nasu ya iya injin, su sallame ta. Don haka take jefa masa darasi a taƙaice, fuska a ɗaure.

Ta nuna masa yadda ta tsara aikin. Jerin mutane daban, jerin garuruwa daban, jerin rabo daban, lamba ce ke haɗa su. Kowane mutum layi ɗaya, lamba ɗaya. Ya rubuta a littafinsa. Yatsunsa masu kauri sukan danna harafi biyu tare, ita kuwa sai ta yi tsaki don ya ji.

Buga takardu bai dame shi ba, lissafin buhuna ma haka. Da ta zo kan gogewa ne ya ja kujera kusa.

"Kafin a ba su lamba, da me kike bambanta su?"

"Suna, sunan uba, da gari."

"In duka uku suka zo ɗaya?"

"Macuta ne, sun yi rajista sau biyu don su ci rabo biyu. Ɗari huɗu na kama a watan farko, na goge. Sarjan, ka koyi abin da aka aiko ka koya."

Tun ranar ya nace sai ta nuna masa inda gogaggun suke tafiya. Ta ja masa rai kwana huɗu. Da ya ce zai tambayi kapitan, shugaban biron, ta faɗa masa a fusace cewa injin ba ya jefar da layi, alama kawai yake sa masa, rabo ya tsallake shi.

Ranar Alhamis ta tarar da shi a kujerarta. Shi kaɗai ya kira tsohon jerin, bai kuskure ko harafi ba. Layi biyu ne a gilashin injin: Hadizatu Mumuni, Mangaize. Hadizatu Mumuni, Mangaize. Na biyun da alama a gefe.

"Tashi min daga kujera," in ji ta. Ta leƙa. "To, ga misali ka samo da kanka. Mace ɗaya, kati biyu."

"Kin gan ta?"

"Mutum dubu talatin zan bi ina dubawa?"

"Shekarunta fa?"

"Lokacin ba mu sa gurbin shekaru ba."

Ya miƙe a hankali, ya rufe littafinsa. A karon farko ya dube ta ido cikin ido, har ta ja da baya ta dafa tebur.

"Ta farkon yarinya ce, ta yi goyo, jiya ma ta karɓi gero. Ta biyun tsohuwa ce," ya ce. "Ba wanda ya turo ni nan, Madam. Ni na roƙa, don in san hannun da ya hana uwata abinci kwana goma sha tara, har ta rasu."