Irin Cikin Tulu

Tun da burtuntuna ta cinye dawar ƙasar nan, ba a shuka ƙwaya sai ta bi ta ƙarƙashin fitilar hukuma. Cutar tana maƙale wa iri, ta tashi tare da kara, sai dawa ta fid da kai a ga baƙin gari maimakon tsaba. Fitilar ce kaɗai ke tona ta, iri mai cuta kore yake yi.

Tabawa ta isa rumfar fitila da hantsi, rungume da ƙulli. A tulu ta samu irin, wanda marigayi mijinta ya liƙe da laka tun kafin annobar. Mutanen layi suka dare mata hanya, wasu na hamdala, don an daɗe ba a ga iri mai lafiya ba.

Sallau mai fitila ya kwance ƙullin, ya tura shi ƙarƙashin fitilar. Tsabar ta yi kore shar.

"Inna, me ya taɓa shi bayan kin fasa tulun?"

"Ba komai, ɗan nan. Ƙaiƙayi na gani, na ce ba na kawo wa jama'a abu da datti ba. Sai na bakace shi a faifaina, wanda na saba bakace dawa da shi."

"Duka?"

"Duka mana."

Sallau ya juye irin cikin garwashi, yadda doka ta ce. Ƙamshin gasasshiyar dawa ya tashi, manya suka sunkuyar da kai. Wata yarinya da aka haifa bayan annobar ta ja zanen uwarta.

"Umma, ƙamshin mene ne wannan?"