Yawon Hajiya a Yamai

Tun da ta shigo taksin ba ta dube shi ba. Ta zauna a baya, ta juya fuska wajen taga, ta ce wa ƙanwarta Raliya, "Gaya wa wancan ya tafi a hankali."

Wancan! Sumana ya haɗiye, ya tada mota. Tun jiya baffansa Yakuba ya ja masa kunne: Hajiya Habsatu babbar 'yar kasuwa ce daga Kano, ta zo ganin gari, kuma tana neman direban da za ta damƙa wa babbar motarta. In ya yi mata, kafin magariba aikin ya zama nasa. Shekarar kuwa sama ta ƙi ruwa, dangin matarsa sun baro ƙauye sun cika masa gida a unguwar Talladje, ana wasoso kan masarar agaji. Mai irin wannan kaya a ka ba shi da bakin yin fushi.

Suka fara da gidan tarihi, inda ake ajiye namun daji. Rana ta buɗe kamar da gayya. Hajiya ta tsaya gaban kejin zaki, ta ga haƙarƙari a waje, ta taɓe baki. "Ƙasar da zakinta ma ya rame," in ji ta. "Dubi wancan mai tuƙin ma, wuya kamar na zalɓe. Wai ba a ba su abinci ne a nan?"

Sumana ya ji sarai. A ransa ya ce, ga irinsu nan, sun ƙoshi a ƙasarsu, sun tsallako kallon yunwar wasu kamar masu shiga silima.

A kasuwar Wadata babu abin da ya tsira daga bakinta. Tumatir ya yanƙwane, teloli ba su iya ɗinkin wuya ba, 'yan dako sun cika wari. Ta sayi shadda mai tsada, ta jefa wa Raliya. "Ba shi. Rigar nan tasa kunya take ba ni." Ta sa aka kai masa nama da fura a mota, ita kuwa ta koma bayan rumfa ta ba shi baya, sannan ta ci nata.

"Yaya, sunansa fa Sumana," in ji Raliya.

"Na ji," in ji ta, ta ci gaba da tauna.

A bakin babbar gada sojoji sun kafa shinge. Ƙasa, kogin Kwara ya janye ya bar yashi, mata na tona rami suna kwarfar ruwa da ƙwarya. Wani soja ya karɓi takardun Sumana, ya tsayar da shi a rana, ya kaɗe masa hula don ya yi jinkirin gaisuwa. A wancan zamani ko maza ba sa ɗaga ido gaban kaki. Sai ga Hajiya ta fito, mayafi na jan ƙasa.

"Ɗauke hannunka daga kansa!"

Sojan ya yi sororo, ya dubi gwala-gwalan hannunta, ya miƙa takardu. Da ta koma mota ta ce wa Raliya, "Haka kawai za a ɓata mini lokaci." Sumana bai yi godiya ba. Ai ko jakin haya, wanda ya ɗauko shi ba ya so a doke masa.

Daga nan ta ce sai Tondibiya. Me ke Tondibiya in ba duwatsu da gidajen laka ba? Ya kai ta. Don dai kada a yi shiru, ya nuna wani kango ya ce a nan ya tashi, a hannun kakarsa, tun daga yaye, bai ma san fuskar uwarsa ba. Hajiya ta ja mayafi ta toshe hanci da baki, ta daɗe a haka. Da suka juyo idanunta sun yi ja, ta ce ƙurar garin nan ba ta da mutunci.

La'asar sakaliya ta ce a kai ta ta ga inda wancan yake kwana. Ya kai ta Talladje yana cizon leɓe. Baffa Yakuba na zaune a tsakar gida, baƙin yunwa sun jeru a gindin katanga. Ɗan Sumana, mai koyon tafiya, ya taho ya kama zanenta. Ta sunkuya ta ɗaga shi sama.

"Kai, wannan mummunan miji! Hanci kamar an taka. Wa za ta aure ka?"

Nan Sumana ya ƙare. Ya ɗauko shaddar ya dangwarar a gabanta.

"To, Hajiya, ya isa. Riƙe motarki, riƙe yadinki. Kin zagi ƙasarmu na yi shiru, kin zage ni na yi shiru, yanzu har ɗana? Mu da yunwarmu mun fi ƙarfin wulaƙanci. Tun safe wancan, wancan, kamar kare. Ko sunana bakinki ya fi ƙarfin ya kira!"

Hajiya ta juya fuska wajen katanga, ta ƙanƙame yaron a ƙirji, kafaɗunta na girgiza. Baffa Yakuba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Raliya ce ta ɗauki shaddar, ta kakkaɓe, ta mayar masa a hannu.

"Haba Sumana," in ji ta a hankali, "a garinku ka taɓa jin uwa ta kira sunan ɗanta na fari?"