Ba Shi Ne a Hoton Ba

Kwalin ya dawo kamar yadda ya tafi. Raliya ta juya shi a kan teburin shagonta da ke unguwar Adjamé, ta duba ko'ina, ko salatif ɗin da ta liƙa ba a ɓare ba. Amma ƙorafin mai sayen yana nan a wayarta, kalmomin da ta riga ta haddace: "Ba shi ne a hoton ba."

Agoguna da turare take sayarwa a wata manhajar kasuwar intanet, kuma 'yan damfara sun gama koya mata karatu. An taɓa maido mata da kwali da sabulu a ciki. An taɓa musanya mata agogo mai kyau da jabu. Tun daga lokacin ba ta miƙa wa mai babur kaya sai ta ɗauki bidiyon ɗaurinsu. Hotunan talla ma ba ta wasa da su: mijinta Shamsuddin ke ɗaura agogon, ita ta ɗauka a hasken hantsi, daga tsintsiyar hannu zuwa yatsu. Ba ya son fuskarsa a intanet, ita ma ba ta ga laifinsa ba.

Wannan mai sayen ce ta gagare ta. Ruƙayya sunanta, a unguwar Treichville take, can tsallaken gada, wajen tashar jiragen ruwa. Agogon maza kawai take saye, ta biya ba gardama, washegari ta maido. Ba ta musanya komai, ba ta neman ragi. Ɓarawon da ba ya ɗaukar komai ya fi ban tsoro.

Ranar da manhajar ta aiko da gargaɗin cewa ƙorafi ɗaya ya rage a rufe mata shago, Raliya ta kira lambar. Aka ɗauka.

"Ke ce mai shagon?" in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Ki zo da kanki, 'yar'uwa. Kada ki aiko kowa."

Da rana tana ba Shamsuddin labari, ya tsaya da loma a hannu. Kafin aurensu bara, dako yake yi a ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, kuma tun da ta san shi bai taɓa tsallaka gada ba. Ya ce wahalar da ya sha a can ta ishe shi. Yau kuwa sai ya tambayi sunan matar, ya tambayi layin gidan, ya maimaita a hankali.

"Je ki," ya ce. "In na rufe shagon zan biyo ki."

Ta ji daɗi har cikin ranta.

Bayan la'asar ta sauka daga jirgin ruwa a tashar Treichville, kwalin a hammata. Hadari ya haɗu a kan tafkin da ya ratsa garin, ruwan ya yi baƙi. Ta bi kwatance ta bayan manyan motocin da ke jiran lodi, har ta kai wani gidan haya mai dogon tsakar gida. Ba kowa, sai shanya da iska ke kaɗawa.

Ɗakin ƙarshe ne. Matar da ta buɗe ba ta yi kama da 'yar damfara ba: siririya, idanunta sun faɗa, ba ta wuce sa'ar Raliya ba. Ta leƙa bayan baƙuwarta, sannan ta ja ta ciki ta zura sakata, ta sake zura wata, sabuwa. A jikin bango rigar masu gadi ce rataye cikin leda.

"Ke kaɗai kika zo?"

"Ni kaɗai," in ji Raliya, ta dire kwalin a kan tabarma. Ta zazzage abin da ke cikinta. Ta nuna bidiyon ɗaurin kaya, ta nuna gargaɗin manhajar, ta ce da wannan shagon take riƙe mahaifiyarta, me ta yi mata da za ta kashe mata kasuwa?

Ruƙayya ba ta katse ta ba. Da ta gama, sai ta ce, "Ban yi miki ƙarya ba. Abin da nake nema yana cikin hoton, ba ya cikin kwalin. Na kai wa hukuma, sun ce hoto irin wannan ba shaida ba ne. Da na ga sunan mace a shagon, na ce wata rana za ki gaji ki zo, in tambaye ki."

"Ki tambaye ni me?"

Wayar Raliya ta yi motsi. Saƙon Shamsuddin ne: yana ƙofar gida. Ta rubuta masa, "Ɗakin ƙarshe." Yayyafi ya fara buga kwano, kuma a cikinsa ta ji takun takalmi yana ratso tsakar gidan, ba gaggawa.

Ruƙayya ba ta ji ba. Ta buɗe hoton tallan a tata wayar, ta ja shi da yatsu biyu har agogon ya fice daga allon, ta juyo da shi.

"Fuskarsa a rufe take ranar," ta ce, daidai lokacin da aka yi sallama a bakin ƙofa, "amma wannan hannun mai guntun ɗan yatsa shi ya yanka mijina mai gadi a gabana. Hannun waye?"