Abin da Ɗan Fashin Ya Ce

"Idan muka ga abin da doka ta hana a ciki, khalas, shi ke nan, bizarki ta mutu," in ji jami'in kwastan, ya kashe fitilar ofis.

Gumi ya jiƙa mata mayafi. Shekara tara tana aikin tura kaya a Deira, a ƙasar Larabawa, tun barinta Nijar, ba a taɓa tsare mata komai ba sai waɗannan gwangwanaye shida masu tsatsa, na wani mai tara kayan tarihi. Ita ta sa hannu a takarda ba ta buɗe su ba.

Ashe faifan fim ne a cikinsu. Majigi ya fara ƙara. Tsohon fim ne na Jamusawa, babu launi, babu murya. Wani Bature na ratsa hamada neman zinariya, 'yan fashi suka tare shi. Shugabansu, baƙi mai tsaga a kumatu, ya ɗora masa wuƙa a wuya, ya juyo yana magana. Sai rubutu ya fito.

"Wai yau zai sha jininsa," jami'in ya karanto daga takardar fassara, yana dariya. "Shirme ne. Yalla, maza kwashe kayanki."

Ba ta motsa ba. Kurma ce ta haife ta, tun tana ƙarama ta iya karanta leɓe.

"Don Allah, maido wurin nan."

Ya maido. Daga shekara tamanin baya mutumin ya dubi idonta, leɓunansa na furta Hausa tsantsa:

"Duk wanda ya gane ni, ya gaya wa Inna a Damagaram ina da rai."