Kyautar Suruki

"Ni da 'ya'yana za mu shimfiɗa tabarma mu kwana a kan ramin nan," in ji injiniyan, yana bugun ƙirji a gaban lasifika. Zauren taron ya kaure da tafi.

Matarsa ta taɓe baki. Ta sha jin wannan karatun har ta haddace: za a kama hayaƙin masana'anta kafin ya ɓata sararin sama, a tura shi ta bututu, a binne a ƙarƙashin unguwarsu, ko kyankyaso ba zai yi tari ba. Amma mai cika bakin nan, ranar da aka fara haƙa ya kwashe su zuwa ƙarshen gari, wai makarantar yara ta fi kusa.

Ta waiga ko za ta sami mai taya ta tsaki, sai ta ga mahaifiyarta tana tafi har da hawaye.

"Ki riƙe mijin nan hannu bibbiyu," in ji tsohuwar. "Ya ce kada in gaya miki tukuna, amma bakina ya ƙi. Ya ba ni tsohon gidanku kyauta. Gobe zan tare."