Rami a Ƙofar Falo

Mai famfo ya ja igiya daga bangon kicin zuwa kwanar banɗaki, ya soka ƙusa a ƙasa daidai ƙofar falo, ya ce a nan za a haƙa. Ango ya sa ƙafa ya shure ƙusar.

Saura kwana shida amarya ta tare. Gida ya kammala, sai tsakar gida da ke jiran tayil. Tayil ɗin amarya ce ta zaɓa da kanta, fari mai ratsin toka, ta kuma ce tana son ganinsa shimfiɗe daga ƙofa har bango ba abin da ya katse shi. Shi kuwa mai famfo rami yake so a tsakiyarsa, ɗan ƙarami mai murfin ƙarfe, irin wanda magina ke kira cemba. A wurin ne bututun kicin da na banɗaki suke haɗuwa su karya kwana. In suka toshe, a ɗaga murfi a zura sanda, shi ke nan. In babu murfi kuwa, sai guduma.

Abin da ya fi ƙona wa ango rai, da farko ba haka suka yi ba. Makon da mutumin ya kama aiki, da bakinsa ya ce tazarar gajera ce, in masu gida suna da kula ana iya haƙura da ramin. Ana nan sai amarya ta zo ganin gida tare da gwaggonta. Motarsu na tsayawa mai famfo ya leƙa ta taga, ya ajiye zarto, ya ce gam ya ƙare, ya fice ta ƙofar baya. Bai dawo ba sai washegari, da fuska a murtuke da kuma maganar rami.

Ango ya ce ai ya gane, ba yau aka haife shi ba. Mutumin ya ga mota, ya hango awarwaro a hannun mata, ya ga wurin ci. Da mai famfo ya ce kyauta zai haƙa, har murfin shi zai kawo, sai zargin ya ƙaru, don ango ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun daga ranar gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. In ango ya shigo, mai famfo ya juya masa ƙeya. In mai famfo ya yi magana, ango ya amsa wa bango.

Abin haushin, aikin mutumin ba shi da makusa. Ko wurin wanke kwanuka da ya sauke ƙasa da taƙi guda, ya kuma mayar da hannun famfon gefen hagu ba wanda ya sa shi, bai zama laifi ba. Ango ya buga wa amarya waya yana neman abokin faɗa. Ta ce a bar shi haka, ita gajera ce kuma bahaguwa. Ango ya ce faɗuwa ce ta zo wa ɗan banza daidai da zama.

Magini, dattijo mai son zaman lafiya, ya gwada shiga tsakani. Ya ce a kai ramin bayan gida mana. Mai famfo ya ce bututu ba a bayan gida ya karya kwana ba. Magini ya ce to a rufe murfin da tayil. Ango ya ce ko a rufe shi da zinare rami rami ne. Dattijo ya ɗauki cokalinsa na gini ya koma inuwa.

Da ango ya matsa, mai famfo ya shiga lissafo masa abin da zai kashe bututun yana lanƙwasa yatsu. Man girki da za a juye da zafinsa ya je ya daskare a kwana. Ganyen shayi kullum safiya. Ragowar shinkafa da za a tura da cokali don ƙyuyar zuwa kwandon shara. Gashi, damƙi guda duk ranar wankin kai. Ya ce wata huɗu ya ba su, in ya yi yawa biyar. Ango ya ji kamar an tsaya a tsakar gidansa ana zagin matarsa tun ba ta shigo ba. Ya nuna masa ƙofa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa.

Washegari masu tayil suka zo da safe, ango na biye da su. Suka tarar da ramin a haƙe, an jera bulo, an shafe cikinsa sumul, murfi na jingine da bango. Mai famfo na tsugune yana wanke hannu a bokiti.

Ango ya yi kansa. Sai da magini da masu tayil biyu suka rirriƙe shi, yana fizga, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Kai wane ne da za ka faɗa mini abin da matata za ta zuba a bututunta? Gidanka ne? Ko ubanka ne ya gina?"

Mai famfo ya goge hannu a wando, ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

"Ka cike in ka ga dama, ranka ya daɗe," in ji shi. "Da ramin nan, kowa ya samu sanda zai buɗe muku. Babu shi, ni za ku nema, ni kuwa ko da kuka ba zan zo ba."

Ya saɓa jaka, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai waiwayo ba.

"Shekara tara ina fasa simintin gidana saboda matar nan taka, kafin mu rabu."